FASHIN BAƘI: Yadda ake shirya tsohuwar BMW domin filin tsere, da dalilin da ya sa birki ke gaban inji

A manyan biranen Arewa da Abuja, wasan mota ya zama abin da ake tsammani a wasu bukukuwan aure da na kammala karatu. Matashi zai taka totur, ya murɗa sitiyari, motar ta riƙa juyi a wuri guda tana fitar da hayaƙin taya, 'yan kallo kuma na tsaye kamu kaɗan daga gare ta. Rundunonin 'yan sanda sun sha haramta wasan, matasan kuma sun sha komawa gare shi. An rasa rayuka a cikinsa, kuma ba direbobi kaɗai ba.

Sha'awar gudu da mota ba a Najeriya kaɗai take ba. Bambancin shi ne, a ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya da Afirka ta Kudu an daɗe da samar mata gurbi. Filayen tsere suna ware wasu ranaku da suke buɗe ƙofa ga kowa, mutum ya biya kuɗi, ya shiga da motarsa ta hawa, ya gwada iyawarsa ƙarƙashin dokoki. Galibin masu zuwa ba attajirai ba ne, kuma motocinsu tsofaffi ne, irin waɗanda ake gani a garejin bakanike a Kano ko Kaduna. Sai dai kafin irin wannan mota ta shiga fili lafiya ta fito lafiya, akwai aikin da ake yi mata, kuma jerin aikin ya saɓa wa abin da mafi yawan matasa ke zato.

Ba tsere ba ne

Ranar buɗe fili ba gasa ba ce. Babu na ɗaya, babu kofi, kuma a mafi yawan wurare an hana ɗaukar lokacin zagaye, domin agogo shi ke sa mutum ya wuce iyakarsa. Ana raba direbobi rukuni-rukuni gwargwadon gogewa, kowane rukuni ya yi kamar minti 15 zuwa 20 a fili sannan ya fito. A Birtaniya, ba a wuce mota sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka ƙayyade, kuma sai na gaba ya ba da hanya. Akwai ma'aikata a kowace kwana riƙe da tutoci: ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, ja na nufin an dakatar da zagayen, baƙa kuwa kira ne ga direba guda ya fito ya yi bayani.

Fili mafi shahara a wannan fage shi ne Nürburgring da ke tsaunukan Eifel a yammacin Jamus. An buɗe shi a 1927, kuma zagayensa na arewa ya kai kilomita 20.8, da hawa da gangara na kusan mita 300. Gasar Formula 1 ta daina amfani da wannan zagaye bayan haɗarin da Niki Lauda ya yi a 1976, amma har yau akwai lokutan da duk mai lasisi da mota mai cikakkun takardu zai sayi tikiti ya shiga. A waɗannan lokuta dokokin hanya na Jamus ne ke aiki, kuma wanda ya daki shingen ƙarfe shi zai biya kuɗin gyaransa. Wannan darasi ne na farko: inshorar mota ta yau da kullum a mafi yawan ƙasashe ba ta ɗaukar asarar da aka yi a filin tsere. Saboda haka gogaggu ke cewa kada mutum ya shiga fili da motar da ba zai iya jure rasa ta ba.

Me ya sa BMW?

A filayen Turai da Amurka, da wuya a yi ranar buɗe fili ba a ga BMW samfurin 3 Series ba, musamman zubi biyu: E36 da aka fara ƙerawa a 1990, da E46 da ta gaje ta a 1998. Dalilan a fili suke. Injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura motar, nauyinta kuma ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, abin da ke sa ta bi umarnin direba a kwana. Samfurin 328i na E36 na da inji mai silinda shida a jere, lita 2.8, da ƙarfin doki 193. Samfurin 330i na E46 na da lita 3.0 da ƙarfin doki 231. An ƙera su da yawa sosai, don haka kayan gyaransu ba su da wuyar samu, kuma shekaru sun fallasa duk wani rauninsu.

Sai dai ƙaramar cikinsu ta kai shekara 20 ko kusa da haka. A Najeriya ma, tunda ƙa'idar kwastam ta taƙaita shekarun motar da za a shigo da ita zuwa 12, waɗanda ke hannun mutane sun daɗe suna shan ramuka da ƙura da zafi. Motar da ke kai mai ita ofis ba tare da matsala ba, tana iya mutuwa a zagaye na uku a fili, domin minti 20 na gudu da birki babu sassauci sun fi makonni na zirga-zirgar gari wahalar da ita. Shi ya sa matakin farko ba ƙari ba ne, mayar da motar ne yadda kamfani ya fitar da ita.

Zafi ne abokin gaba

Babban raunin waɗannan motoci shi ne tsarin sanyaya inji. An yi sassa da dama da roba mai tauri: wuyan lagireto, tulun ruwa, da farfelar famfon ruwa a wasu zubin. Shekaru da zafi suna busar da robar har ta tsage ba tare da gargaɗi ba. Kan injin kuma na alminiyam ne, ba ya jure zafin da ya wuce kima. 'Yan mintuna kaɗan sun isa ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Masu shirya mota don fili ba sa jiran wani abu ya lalace. Suna canza lagireto da famfon ruwa da tamostat da tulun ruwa da tiyo-tiyo da fambel a lokaci guda.

A nan akwai wata al'ada ta garejin Najeriya da ke cutar da irin wannan inji: cire tamostat, da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. Aikin tamostat shi ne riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Idan aka cire shi, injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai fiye da kima, ƙarafansa su ci juna. Haka nan zuba ruwan famfo zalla maimakon ruwan sanyaya inji na haifar da tsatsa da toshewar lagireto.

Baƙin mai ma na da nasa ƙalubalen. A doguwar kwana, man yana tattaruwa gefe guda a cikin kaskonsa, famfo ya zuƙi iska maimakon mai, kuma daƙiƙu kaɗan na haka suna iya kashe inji. Maganin shi ne a tabbata man ya cika har layin sama, wanda kuma zai riƙa zuwa fili a kai a kai ya sa farantin da ke tare man a cikin kaskon. Injinan BMW na wannan zamani na da wani sanannen rauni: notin da ke riƙe da haƙorin famfon mai yana iya kwancewa idan ana yawan kai injin ƙololuwa. Idan ya kwance, mai ya daina zagayawa nan take. Ɗaure shi da waya ko manne shi aiki ne mai araha idan aka kwatanta da sayen wani injin.

Birki kafin komai

Lissafi ne ke nuna dalilin da ya sa birki ke kan gaba. Ƙarfin da ke tattare da mota mai gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun; idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Motar da nauyinta ya kai kilogiram 1,400, idan ta sauko daga kilomita 160 a sa'a zuwa 80, zafin da hakan ke haifarwa ya isa ya kai lita uku na ruwa ga tafasa, kuma kusan dukkansa a birki yake sauka cikin 'yan daƙiƙu. A fili ana maimaita haka sau da dama a kowane zagaye.

Birki na gazawa ta hanya biyu, kuma wajibi ne direba ya san bambancinsu. Ta farko, takalmin birki ya yi zafin da ya daina kama faifai: direba na jin tauri a ƙafarsa amma motar ba ta tsayawa. Ta biyu ta fi haɗari: man birki ya tafasa, ya zama tururi, ƙafa ta nutse har ƙasa kamar an taka soso. Man birki yana zuƙar laima daga iska a hankali. Ƙa'idar DOT 4 ta tanadi cewa sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma wanda ya sha laima an yarda ya sauko har 155. Motar da ta shekara biyar ba a canza mata man birki ba, tana yawo ne da na biyun. Akwai mayukan da aka yi don tsere waɗanda ke jure sama da digiri 300, kuma zuba irinsu kafin shiga fili shi ne gyara mafi araha da ke ceton rai. Ana kiyaye DOT 5, domin na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Bayan mai sai takalmin birki mai jure zafi, da duba faifai ko ya tsage ko ya sirance, da canza tsofaffin tiyon birki. Mafi yawan masu farawa ba sa buƙatar manyan birkunan da ake tallatawa. Birkin asali mai lafiya, da mai da takalmi masu kyau, ya ishe su.

Tafin hannu huɗu

Duk ƙarfin inji da birki da sitiyari yana isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo, wadda dokar Najeriya ta ma hana shigowa da ita amma ta cika kasuwa, ba ta da gurbi a fili. Araha ba ta ado, balle a gudun kilomita 160.

Iskar taya tana ƙaruwa idan ta yi zafi. Saboda haka ake auna ta da zarar an fito daga fili, a rage ta zuwa abin da ya dace, sannan a tuna a mayar da ita kafin a hau titi. Abin mamaki ga sababbi shi ne, malaman tuƙi ba sa ba su shawarar sayen taya mai tsananin kama ƙasa. Tayar titi mai kyau tana kuka kafin ta saki, ta ba direba damar gyarawa. Ta tsere tana riƙewa har zuwa gudun da ya fi yawa, sannan ta saki ba zato.

Ƙafafu da gangar jiki

Tsohuwar mota tana tafiya ne a kan robobin da suka mutu. Bushin na hannuwan gaba da na baya, da mazaunin shokozoba, da bol-jon, idan suka saki, tayoyin baya sukan juya kaɗan da kansu a tsakiyar kwana. Sabunta su yana canza motar fiye da duk wani ƙarfen ado. Sai a duba gangar jiki. E46 ta yi suna wajen tsagewar ƙarfen ƙasanta a inda aka ɗaure gatarin baya, har lamarin ya kai ga ƙarar haɗin gwiwa a Amurka. Ana ɗaga motar a duba wurin da fitila, idan da tsaga a yi walda a ƙara faranti.

Rage tsayin mota har ta kusa taɓa ƙasa yana burge masu kallo, amma yana rage wa shokozoba wurin motsi, motar ta riƙa tsalle. Abin da ya fi amfani shi ne saitin tayoyi. Ana ɗan karkatar da saman tayoyin gaba zuwa ciki, kamar digiri biyu zuwa uku, domin idan motar ta kwanta a kwana, tayar waje ta zauna daram a ƙasa. Ba tare da wannan ba, gefen tayar gaba na iya cinyewa a yini guda. Ƙa'idar gogaggu ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya canza abu biyar a tare ba zai san wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba.

Kariyar direba

Hular kwano wajibi ce a kusan kowane fili, kuma ana duba tambarin ingancinta, irin na Snell ko na ECE. Game da bel kuwa, akwai kuskuren da ake yawan yi. Kujerar asali da bel ɗinta da jakar iska an tsara su ne su yi aiki tare. Haka ma kujerar tsere da ɗamara mai madauri shida da kejin ƙarfe da abin tallafar wuya, su ma saiti guda ne. Haɗa rabin wannan da rabin wancan ya fi barin motar yadda take haɗari: ɗamarar tsere tana riƙe mutum a miƙe, idan motar ta kife babu keji, rufin kansa zai sauka. Abin tallafar wuya da ake kira HANS ya yaɗu ne bayan mutuwar Dale Earnhardt a Daytona a 2001, kuma Formula 1 ta wajabta shi a 2003.

Kafin shiga, ana kwashe duk abin da ke yawo a cikin mota. Gorar ruwa guda da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo babban haɗari. Ana tabbatar da batir a ɗaure yake, a ƙara ɗaure kusoshin tayoyi, a saka ƙugiyar ja a gaba.

Inji a ƙarshe

Abin da matashi ke fara tambaya, shi ne na ƙarshe a jerin. Injin da ba shi da tabo ba ya samun ƙari mai yawa daga sake saita kwamfutarsa. Masu 328i sukan ɗauko bututun shigar iska na tsohon injin M50 su saka, su sami 'yan dawakai a saman gudu. Fasa salansa kuwa ƙara kawai yake kawowa, kuma filaye da dama suna auna ƙarar mota su kori wadda ta wuce iyaka, saboda ƙorafin maƙwabta. Saita inji don ya buƙaci fetur mai inganci sosai ma kasada ce a inda ba a da tabbacin abin da gidan mai zai zuba.

Abu biyu sun fi ƙarin dawaki amfani. Na farko rage nauyi, domin kowane kilogiram da aka cire yana sauƙaƙa wa inji da birki da taya a lokaci guda. Na biyu shi ne direban kansa. Sabon direba a mota mai doki 300 yakan ga gogagge a mota mai doki 150 ya wuce shi ya ɓace, saboda gogaggen ya san inda zai taka birki, inda zai shiga kwana, da inda zai ɗora idonsa. Kuɗin da aka biya malami ya zauna a kujerar gefe na yini guda ya fi kuɗin da aka zuba a inji riba.

A ranar kanta, ana fara zagayen farko a hankali don mai da tayoyi su yi ɗumi, na ƙarshe ma a hankali don birki ya huce. Idan aka tsaya ba a jan birkin hannu, domin takalmi mai zafi na iya mannewa. Gajiya ma tana cikin lissafi, shi ya sa gogaggu kan tattara kayansu tun da sauran ƙarfinsu.

Tambayar da ta rage ga hukumomi

Wannan sha'awa ba ta da araha. Mota a fili tana shan mai ninki biyu ko fiye, tana cin taya da takalmin birki, kuma tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin ya ƙara nauyi ga ɗan Najeriya. Amma tsadar rashin fili ta fi haka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, su ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a.

Afirka ta Kudu ta taɓa tsayawa a inda Najeriya take. Wasan juya mota ya taso ne a unguwannin baƙaƙen fata irin su Soweto a shekarun 1980, da BMW 325i zubin E30 da suke kira Gusheshe, kuma an daɗe ana danganta shi da 'yan daba. Daga baya hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta amince da shi a matsayin wasa, aka mayar da shi wurare masu shinge da jami'an agaji. Gayton McKenzie, wanda ya zama ministan wasanni a 2024, ya fito fili ya ce zai bunƙasa shi. Ƙasar na kuma da filaye irin su Kyalami da Zwartkops da Killarney, inda mai tsohuwar mota zai gwada ta ba tare da ya jefa mai talla ko ɗan makaranta cikin haɗari ba.

Gina fili irin Kyalami ba ƙaramin aiki ba ne, amma matakin farko bai kai haka ba. Shimfiɗaɗɗen wuri mai kwalta, shingen da zai raba mota da 'yan kallo, motar asibiti, mai duba lafiyar motoci a ƙofa, da dokar da za a bi: waɗannan ba su fi ƙarfin gwamnatin jiha ko ƙungiyar masu sha'awa ba. Hani da kame sun kasa kashe wasan. Muddin babu wurin da aka ware masa, titin unguwa ne zai ci gaba da zama filin, kuma waɗanda ke tsaye a gefensa ba su da hular kwano.